Ƙwayar da na ɓoye a gwangwanin alli

Litinin, 4 ga Oktoba 1993, Tsarnawa
Sati uku ke nan matata Barira na shan ƙwayar farfaɗiya, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Alhamdulillahi. Ina ɓoye ta a gwangwanin allin da nake zuwa da shi lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, inda ake ce mini Mushe. Daga ni sai ita muka sani. In Inna, mahaifiyata, ta ji, na tabbata ware mata kwano za ta yi, ta cire ɗiyarmu Uwani daga nono, gari ya ɗauka.

Alhamis, 7 ga Oktoba
Zazzaɓi ya kama Barira, ga ƙuraje har bayan kunne. Inna ta ce ƙyanda ce. Ƙyanda ga uwar ɗiya!

Lahadi, 10 ga Oktoba, asibiti, Konni
Fuska ta kumbura, ba ta iya tsayuwa. Majo Alkasum, babban mai jinya, ya auna ya ce jininta ya sauka ƙwarai, da alama ƙwayar cuta ta shiga jini. Ƙarin ruwa, allurai. Ya tambaye ni ko tana shan wani magani. Inna na zaune a gindin gado. Na ce babu.

Talata, 12 ga Oktoba
Da Inna ta fita alwala sai in murje ƙwayar cikin kunu in ɗura mata. Ko ba komai ba za ta faɗi a gaban mutane ba. Har daɗi na ji da wayona.

Juma'a, 15 ga Oktoba
An sake allura sau biyu, shiru. Ido ya yi rawaya, fata na saɓulewa, fitsari ya kusa tsayawa. Majo ya ce ba sanƙarau ba ne, ba ciwon haihuwa ba, ya rasa ta inda cutar ta shiga. Ya daɗe yana kallona. Tsoro nake ji, wallahi.

Asabar, 16 ga Oktoba
Na faɗa. A gaban Inna na miƙa masa gwangwanin. Ya juya ƙwayar a tafin hannu, ya kira likita. Sun ce akwai jikin da ba ya karɓarta, sai ta tayar da zazzaɓi ta kayar da jini kamar cuta, ta taɓa hanta da ƙoda. Majo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Mushe, kwana shidda muna kashin wuta, kai kana ƙara itace."

Lahadi, 17 ga Oktoba
An canza magani. Ba ta gane ni ba.

Talata, 19 ga Oktoba
Ta faɗi da hantsi, ɗaki cike da 'yan dubiya. Kowa ya ja baya. Inna ce ta tallabe kanta, ta goge mata baki da mayafinta. Bayan ta lafa Inna ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, "Don mi ba ka hwaɗa mani ba? Ƙanwata Mairo da wannan ciwo ta tsuhwa, ni ka wanke ta."

Ban taɓa sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Na aika wa Sallau, direban layin Illela, ya zo da iyayen Barira yau, kada ya jira ranar kasuwa. Ya tambaya me zai ce musu. Na ce ya gaya musu duka, har da abin da na yi.