Fom ɗin Jemimah Yana Jiran Hannunka

Kontagora, Jihar Neja

Zuwa ga Yayana Luka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da Anti Cecilia da yara kuna lafiya a Fatakwal, Ubangiji ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau. An gama yankan dawa a Tungan Magajiya, ta yi kyau bana. Mama tana nan da ƙarfinta, sai dai kunnen ya ƙara nauyi, sai ka yi ihu kafin ta ji.

Maganar Jemimah ce ta sa na ɗauki biro. Tun rasuwar mahaifinta Markus kai ne ubanta, sunanka ne kuma a takardun jami'arta. Zan faɗa maka abin yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. Ita da wasu ɗalibai sun rubuta wa hukumar makaranta takarda. Sun roƙi a ba ɗaliban Falasɗinu gurbin karatu, tunda yaƙi ya rushe jami'o'insu, a kuma mayar da wani malaminsu da aka hana shiga aji saboda ya yi zancen yaƙin a lacca. Ba su fasa ko gilashi ba, hannu kawai suka sa. Hukuma ta ce sun tayar da hankali, duk wanda bai janye sunansa ba, ba zai zauna jarabawar ƙarshe ba. Wata biyu ya rage mata ta gama.

To, ka san ƙaninka Sati, ba ya jin shawara sai ya gama aiki. Ya ce a yi yadda ake yi a gida in yaro ya yi laifi. Ya ɗauki dattawan coci biyu, da bunsuru, da buhun dawa, suka hau mota tun daga Rijau har ofishin shugaban tsangaya. Masu gadi suka tsare bunsurun a bakin ƙofa, su aka bar su suka shiga. Ka kuma san ban haƙurinmu ba ya cika sai an faɗi wanda ya ɓata yaron, don a sauke masa nauyi. Sati ba ya da sunan kowa a ka sai na Sakinatu, abokiyar ɗakin Jemimah, wadda ta yi Kirsimeti biyu a gidana tana taya ni tuyar cincin. Sai ya ce ita ce ta ja ta, ai Jemimah ɗiyar coci ce, ina ruwanta da Falasɗinu. A ƙauye da an ce an ji, an yafe, magana ta mutu. A can kuwa sakatare yana gefe yana rubutawa.

Yanzu sun ce Sakinatu ce jagora, kora ake shirin yi mata. Jemimah ta je gaban kwamiti da ƙafarta, ta ce ita ta buga takardar a wayarta, Sakinatu ma ita ce mutum ta tara a jerin masu sa hannu. Suka ce maganar iyayenta ta riga tata. Suka ba ta fom mai cewa an yaudare ta, da sunan Sakinatu a ciki. In ka sa hannu kafin ƙarshen wata, za ta yi jarabawa, Sakinatu ta tafi gida. In ba ka sa ba, su biyun za a sake zama a kansu, ba wanda ya san yadda za ta kaya.

Sati har yau yana cewa taimako ya yi, kuma na yarda da niyyarsa. Ni dai kunya nake ji, ban iya bi ta layin su Sakinatu in zan je kasuwa. Ba zan ce maka yi ko bari ba, ga fom ɗin nan a cikin ambulan. Na tambayi Jemimah ko tana da saƙo. Ta ce ba za ta saɓa maka ba, in ka sa hannu za ta shiga jarabawar. Amma ranar da takardar digirin ta fito za ta aiko maka ka ajiye, don ita ba za ta iya nuna wa kowa ba.

Ka gai da Anti Cecilia, da Happiness, da John. Mama tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Agatha