Zaren Ƙafar Jemagu

Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Tela maƙwabciyarmu ce take rubuta min.

Na ji an yi maka ƙarin girma saboda jemagun nan, wai ka gano na kogon dutse sun fi na bakin kogi tsawon kunne.

Ka tuna ƙatuwar kwalbar da ka bari a ɗakinka bara, kafin ka auna su? Ina shara tsintsiya ta ture ta. Matattun jemagun da ke ciki suka zube, zaren ƙafarsu duk ya kwance, takardun da ke nuna inda ka kamo kowanne suka watse, ja da shuɗi. Ni da ban san ko baƙi ɗaya ba. Na sayo wata kwalba da ruwan maganin da ake jiƙa su a ciki, na zauna ina dubansu. Masu dogon kunne na ɗaura musu ja, masu gajere shuɗi, don na ga sun fi kama da 'yan gida ɗaya. Ni na raba su, Babana. Tsoronka ne ya hana ni faɗa.

Ka yafe min.
Innarka.

Babana,

Ina gaishe ka, ya jikin ƙaramar 'yarka?

Wallahi ban san malaminka ne zai buɗe wasiƙar ba, adireshin makarantarku kawai na sani. Da kuka zo da shi da likita, na ɗauka gaisuwa ce, har na shimfiɗa sabuwar tabarma. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ce musu gigin tsufa nake, ban taɓa shiga ɗakin ba, har gishiri nake zuba wa shayi. Sau ɗaya na yi, ranar da babanka ya rasu. Ashe ka riƙe.

Likita ya tambaye ni shekarar da muke ciki. Ka san ban taɓa sanin lissafinta ba. Ka yi dariya, shi ma ya yi.

Tela ta ce daga wannan ba za ta ƙara rubutawa ba, wai ka yi mata magana.

Innarka.

Babana,

Ina kwananku. Mai ba mu magani ce ta tausaya ta rubuta.

Gidan masu taɓin hankalin nan da kuka kawo ni, ƙofarsa daga waje ake rufewa. Ta kusa da gadona tana ihu, tana kirana da sunan wata. Malaminka ya zo jiya shi kaɗai, ya sake tambayata zancen kwalba. Na ce mafarki na yi, ba ni da hankali. Na faɗa sau biyu don ya rubuta da kyau. Ai yanzu sai ka zo ka ɗauke ni ko? Ba zan ƙara taɓa kayanka ba, ko shara.

Sun ɗaura min takarda a hannu da zare. Na roƙi a karanta min, an ce ba sai na sani ba. Shuɗiya ce.

Innarka.