Mama Ta Hana A Ɗebi Jinin Autarmu

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni malamar firamare ce, mu biyar ne a wajen iyayenmu. Ciwon dajin hanji ne ajalin Babanmu yana da shekara arba'in da takwas, shi ne kuma ajalin ƙanensa. Bara aka gano shi a jikin babban yayanmu. Ranar da na raka shi asibiti, wata likita ta ja ni wani ɗan ofis mai kujera biyu da firji a lungu, ta ce suna bincike a kan iyalan da cutar ke bin jininsu, suna son jinin dukkanmu. Ta miƙo mini takarda shafi shida da biro a kai, tun ban karanta ba. Na ga an rubuta za a ajiye jinin shekara goma. Na tambaye ta wa za a ajiye wa, ta yi murmushi ta ce don amfanin 'yan baya. Murmushin nan bai kwanta mini ba.

Amma ba shi ne ya fi damuna ba. Da na kai maganar gida, Mama tana ninke kaya, ta ce duk mu je, ban da Auta. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Auta fa shekararta ashirin da huɗu, har aiki take yi a kantin magani. Na nemi dalili, ta ce ta gama magana. Allah ya yafe mini, tun ranar nake ƙare wa yarinyar nan kallo. Duk mun ɗauko hancin Baba da wushiryarsa, ita ko ɗaya. Kuma lokacin da aka sami cikinta Baba yana tuƙin babbar mota, sai ya yi wata biyu ba ya gida. Yanzu ko ido na kasa haɗawa da Auta. Cutar ce Mama take tsoro, ko abin da jinin zai tona?

Wadda zargi ya hana sukuni

'Yar'uwa, zargi biyu kika ɗauko, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

A kan likitar, tambayarki tana kan hanya. Ki tafi da takardar gida ki karanta a natse, ki koma da tambayoyinki a rubuce: wa zai ga sakamakon? Da suna za a ajiye jinin ko da lamba? Za ki iya janyewa? In an ga haɗari za a sanar da ke? In ba su gamsar da ke ba, kada ki sa hannu. Sai dai ki sani, irin wannan binciken ne ke taimaka wa iyalai irin naku. Kuma ko kun shiga ko ba ku shiga ba, mutum uku a gida ɗaya ya isa ya sa kowannenku ya je a duba shi.

Maganar Mama kuwa, hanci da wushirya ba hujja ba ne. Matar da ta yi jinyar miji har ya cika, ga ta yanzu a kan jinyar ɗanta na fari, tana iya son a bar mata ko mutum ɗaya da ba a ce yana cikin haɗarin cutar ba. Ban ce na san zuciyarta ba. Amma ko da akwai wani abu, ba allurar asibiti za ki sa ta tona miki ba. Ki same ta ku biyu, ki tambaye ta abin da take tsoro, ba abin da take ɓoyewa ba.

Auta kuma ba yarinya ba ce. Ki faɗa mata haɗarin cutar, ki riƙe zarginki a cikinki, ita za ta yanke wa kanta.

Ki fara da kanki, ki je a duba ki cikin makon nan. Allah ya ba yayanku lafiya, ya jiƙan Baba.