Kalandar da ta koma ɗakin yara

Yaya,

Na lura kalandar falo ta yi ƙaura zuwa ɗakin yara, kuma ta bara ce. Da Auta ya fara tari da safe na ɗaga ta, sai ga baƙar fumfuna ta ci bango daidai kan gadonsa. Dabara ta yi kyau, sai dai asmarsa ba ta ruɗu ba. Ya shaƙi magani ya samu sauƙi, na mayar da yaran ɗakina.

Zan makara aiki. Don Allah ka kira mai gyaran famfo yau, bututun banɗaki ne ke jiƙa bangon.

Af, Anti ma ta gani. Ta naɗe kalandar, ta ajiye maka kan filo, ta fita.

Ƙanwarka