Abin da Na Gaya wa Mazal

Yaya Sasun,

Gaisuwa daga birnin Rangun. Ya jikin Inna? Maigidana lafiya lau, jariri na ɗan tari, amma 'yata Mazal ta daina cin abinci.

A makaranta wata yarinya ta laluba mata kai, wai tana neman ƙahon Yahudawa. Mazal ta dawo tana tambayata, "Mama, mu su wane ne?" Yaya, cewa na yi gobe ta ce mu Farisawa ne, ba Yahudawa ba. Tun ranar na kasa haɗa ido da ita.

Ka tuna duk shekara in Baba na karanta muku labarin fitowarmu daga Masar, ni ina bakin murhu. Girkin na iya, labarin ban iya ba.

Don Allah ka rubuto mini shi da manyan baƙaƙe, ka san da girmana na koyi karatu. Ya iso kafin Idin Ƙetarewa, lokacin da ake karanta shi. Daga bakina nake so ta ji.

Ƙanwarka,
Farha