Tsayin Marrit

Zuwa ga Yayana Wiebe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da kai da iyali a can Kanada. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Leeuwarden muna nan kalau. Inna ta warware daga ciwon gwiwa, har ta koma hawa kekenta zuwa kasuwa.

Yaya, sakamakon gwajin 'yata Marrit ya fito. Ka san shekara goma muna kai ta asibiti ana ce mana mu yi haƙuri, wai irin masu girma a makare ce. Yanzu shekararta goma sha biyar, kanta bai wuce kafaɗata ba. Wata likita ta zaunar da ni da babanta Douwe, ta ce sinadarin da ke sa yaro girma yana nan cike a jinin Marrit, amma a ɗaure yake. Akwai wani sinadarin daban wanda aikinsa kwance shi, to shi ne jikinta ba ya yi. Ta ce gado ne, daga ni da Douwe duka. Na tambaye ta magani. Ta ce akwai allura, sai dai ƙasusuwan yarinyar sun riga sun rufe, inda ta tsaya nan ta tsaya.

Abin da ke cin raina shi ne yadda muka yi ta ɗura mata madara da dankali, Inna tana mata faɗa wai tsuntsu ma ya fi ta ci. Da Inna ta ji sakamakon, ta kwana biyu ba ta leƙo mu ba.

An gwada ƙaninta Jelle, shi ma yana da matsalar. Amma shekararsa bakwai, likita ta ce ba a makara ba. Marrit ce ke riƙe masa hannu safe da yamma idan za a yi masa allurar, tana tsokanarsa wai ragon maza, idan ya yi kuka za ta gaya wa 'yan ajinsu. Jiya muna wanke-wanke ta ce mini ta san nan da 'yan shekaru zai wuce ta a tsayi, kuma tana so ya wuce ta, amma ranar kada kowa ya faɗa a gabanta.

Ka rubuto mata, Yaya, tana jin maganarka. Ka gaida Anti Hiske da ɗanku Tjerk. Douwe da Inna suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Sietske