Gimbiya Ta Koma Gidan Malama

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya kuma sassauta maka ciwon bayan da ka ambata. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda tana yi wa kowa faɗa, abin da ya tabbatar mana ta warke.

Yaya, wannan ce takarda ta huɗu da na fara, uku na yaga. Maganar Gimbiya ce, mesar da ka bar mini amana ranar da za ka tafi. Kada gabanka ya faɗi, tana raye kuma lafiyarta ƙalau. Sai dai ba ta gidana, ni ne kuma na kai ta inda take ban nemi izininka ba. Zan ba ka labarin daki-daki yadda yake a littafin da nake rubuta al'amuran kullum, don kada in rage laifina ko in ƙara masa.

Ka ce mini in kula da abu biyu: ta ci ɓera ɗaya duk kwana goma, kuma kada akwatinta ya yi mata kaɗan. Na farkon na riƙe shi da kyau. Daskararrun ɓerayen da ka saba saya suna can ƙasan firji cikin roba mai murfi, na rubuta a jiki kada a buɗe, bayan abin da ya samu maman yara a makon farko. Na biyun ne ya kayar da ni. Ka san ban taɓa iya kama ta in miƙar da ita ba, da na kai hannu sai ta dunƙule, ni ma in dunƙule. To sai wata dabara ta zo mini, wadda don jin daɗi har na ja mata layi biyu a littafi. Duk lokacin da ta yi saɓa, sai in ɗauki fatar da ta tuɓe in shimfiɗa a kan tebur, in danne kai da wutsiya da kofuna, in auna da tef ɗin ɗinkin maman yara. Saɓar farko ƙafa biyar. Ta biyu biyar da inci huɗu. Ta uku, da na ɗan ja ta don ta miƙe sosai, ta kusa shida. Na zauna na yi lissafi, na ga in aka ci gaba a haka, kafin ka dawo ta fi falonmu tsawo.

Na je wurin kafinta na ba shi awo, tsawo ƙafa takwas, faɗi ƙafa huɗu, gaba duk gilashi. Sau biyu yana tambayata ko na macijin ne ko ni zan riƙa kwana a ciki. Da aka kawo akwatin ya ƙi shiga falo. Aka karkata shi, aka tayar da shi tsaye, a ƙarshe dai aka cire ƙofar falon har da katakon da ke riƙe da ita, aka rataya labule. Doguwar kujerarmu ta koma baranda. Na goge cikin akwatin tas, na zubar da tsohon kwalin nan da take shigewa ƙarƙashinsa, saboda a ganina ƙazanta ce kuma yana tare mata fili. Na saka ta, na rubuta a littafi cewa yau na sauke nauyi.

Daga ranar ba ta ƙara cin komai ba. Ta lafe a lungu guda, ta cusa kai cikin jikinta. Mako bakwai, Yaya. Na canja ranar ciyarwa, na canja girman ɓeran, na jiƙa shi a ruwan ɗumi, na kama shi da hantsaki ina kaɗawa a gabanta. Da abin ya ƙi, na fara yi mata kukan ɓera da bakina. A haka Inna ta leƙo ta labule ta same ni a durƙushe, ta tsaya ta kalle ni, sannan ta je ta gaya wa maman yara cewa da ta san ƙarshen karatun ke nan da ta bar ni na koyi gyaran keke. Ita kuwa maman yara cewa ta yi ba ta da rigima da maciji, don bai taɓa ce mata uffan ba, rigimarta da mutumin da ya cire mata ƙofa ne.

Dariya dai ake yi, amma ni tsoro ya kama ni, don na fara ganin ƙashin bayanta ya taso. Likitan dabbobi ya ce shi awaki da karnuka ya sani, ya tura ni wurin wata tsohuwar malamar kimiyya da ta yi ritaya, kowa Malama yake ce mata, tana kiwon macizai biyar a ɗakin bayan gidanta. Na saka Gimbiya a rigar filo na kai mata. Tun kafin ta ce komai na roƙe ta ta karɓe ta gaba ɗaya, domin na fi son ka yi fushi da ni a kan na bayar da ita da ka yi fushi a kan ta mutu a hannuna.

Malama ta sake ta a gindin bango, ta bi bayanta da zare tana tafiya, ta auna zaren. Ƙafa huɗu da inci biyu. Ta tambaye ni inda na samo shida, na buɗe mata littafi. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share hawaye. Ta ce saɓa kullum ta fi mai ita tsawo, don fatar tana buɗewa wajen tuɓewa, balle kuma an samu mai ja. Ta ce girman akwati ba laifi ba ne in an cika shi da maɓoya, amma irin wannan mesa ba ta samun natsuwa sai ta ji jikinta yana taɓa wani abu ta kowane gefe, ni kuwa na ajiye ta a filin ƙwallo na kuma ɗauke mata ɗaki. Ta saka ta a akwati daidai tsawonta, ta kifa mata tukunya mai fasasshen baki. Bayan kwana huɗu ta aiko mini cewa Gimbiya ta ci. Na tambaya ko ta yi mata kukan ɓera, ta ce a'a.

Yanzu magana tana hannunka. Malama ta ce in ka ce a mayar, za ta mayar ba gardama. Maman yara ta ce an riga an fitar da akwatin an mayar da ƙofa, kuma ba za a sake cire ta ba sai dai in gidan za a rushe. Ni shawarata, in har ina da bakin ba da shawara bayan wannan, a bar ta inda take cin abinci. Ka yafe mini yanke hukunci a kan abin da ba nawa ba. Ranar Asabar na je duba ta, na daɗe a tsaye ina kiran sunanta, ko kai ba ta ɗaga ba. Na ce wa Malama da alama fushi take yi da ni. Ta ce in kwantar da hankalina, Gimbiya ba ta san ni ba, ba ta taɓa sanina ba, kai ma kuma da ka yi shekara shida kana mata hira haka abin yake. Na yi ta tunanin ko in ɓoye maka wannan, na ga gara ka ji kafin ka yanke shawara.

Ka gaishe mini da Anti, da Babba, da 'yan biyu, da Auta. Inna tana sa muku albarka, Kawu da Goggo ma suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai jiran amsa, ko ta faɗa ce.